Rawar Bale Nesa da Landan: Tarihin Ƙungiyar Northern Ballet da Yadda Ta Girma

A daren 28 ga Nuwamba, 1969, 'yan rawa 11 suka hau dandamalin wani ƙaramin gidan wasa na Jami'ar Manchester da ke arewa maso yammacin Ingila, suka gabatar da wasansu na farko a ƙarƙashin sunan Northern Dance Theatre. A yau ƙungiyar tana birnin Leeds da sunan Northern Ballet, tana da 'yan rawa kimanin 40 da gini nata na kanta, kuma ana lissafa ta cikin ƙungiyoyin bale da suka fi kowa yawan rangadi a Birtaniya. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ta sauya suna sau biyu, ta sauya gari sau biyu, an taɓa ba da shawarar a yanke mata tallafi baki ɗaya, ruwa ya taɓa cinye mata kayan aiki, kuma a 'yan shekarun nan ta shiga taƙaddama da makaɗanta. Abin da ya sa tarihinta ya cancanci nazari shi ne cewa dalilin da ya raya ta, wato kai rawa garuruwan da ba su da ita, shi ne kuma nauyin da ya fi kowane danne ta.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a san irin sana'ar da ake magana a kai. Rawar bale ta samo asali ne daga fadojin sarakunan Italiya, ta bunƙasa a Faransa inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, daga baya kuma Rasha ta kai ta wani matsayi a ƙarni na 19. A al'adarta ba a furta magana a kan dandamali; jiki da kiɗa ne suke ɗaukar labarin. Ɗan rawa yakan fara koyo tun yana yaro ƙarami, ya yi shekaru takwas ko fiye kafin a ɗauke shi aiki, sa'annan ko ya zama gwani dole kowace safiya ya shiga darasi kafin a fara atisaye, kuma yawancinsu kan bar dandamali kafin su kai shekara 40. Mata kan yi rawa a kan 'yan yatsun ƙafa cikin wani takalmi mai taurin baki wanda wasa ɗaya mai nauyi yana iya kashe shi. Idan aka haɗa da makaɗa, da maɗinka, da masu fitilu, da masu duba lafiyar gaɓoɓi, za a ga dalilin da ya sa kuɗin tikiti kaɗai bai taɓa riƙe babbar ƙungiyar bale ba, sai da tallafin hukuma ko na masu hannu da shuni.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kusan duk wannan tallafi a Birtaniya a Landan yake tsayawa. A can ne Marie Rambert ta fara tata ƙungiyar a 1926, a can Ninette de Valois ta kafa wadda ta zama Royal Ballet a 1931, a can kuma aka kafa Festival Ballet a 1950. Mutanen Manchester da Leeds da Sheffield suna biyan haraji kamar kowa, amma rabonsu shi ne su jira mako ɗaya ko biyu a shekara da wata ƙungiyar Landan za ta ratso ta garinsu. A 1965 Jennie Lee, ministar farko da Birtaniya ta naɗa domin harkokin fasaha, ta fitar da takardar manufa wadda ta nace a kan cewa bai kamata abin kirki ya taƙaita a babban birni ba, kuma Hukumar Raya Fasaha ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1946 domin raba kuɗin gwamnati ga masu fasaha, ta fara waiwayar larduna. A daidai lokacin akwai wata ƙaramar ƙungiya mai suna Western Theatre Ballet da Elizabeth West da Peter Darrell suka kafa a Bristol a 1957. A 1969 ƙungiyar ta ƙaura zuwa Glasgow, inda daga baya ta zama Scottish Ballet. Ɗaya daga cikin manyanta, Laverne Meyer ɗan ƙasar Kanada, bai bi ta ba. Ya gudanar da binciken yiwuwar kafa ƙungiya a arewa maso yammacin Ingila, kuma daga wannan bincike aka haifi Northern Dance Theatre.

Meyer ya san cewa da mutum 11 ba za a iya gabatar da manyan wasannin gargajiya na bale ba, domin irin su Swan Lake suna buƙatar mata 20 ko fiye su jeru a sahu ɗaya. Saboda haka ya karkata ga gajerun wasanni da za su shiga ƙananan zauruka. Ya farfaɗo da The Green Table na Kurt Jooss, wasan 1932 da ke nuna 'yan siyasa suna gardama a bakin tebur yayin da mutuwa take kwasar talakawa a fagen yaƙi, ya kuma ba sababbin masu tsara rawa dama. Aiki ne mai daraja, amma yana da iyaka: a garin da ba a saba da bale ba, sunan da aka sani shi ke sayar da tikiti. Meyer ya sauka a 1975.

Wanda ya gaje shi a 1976, Robert de Warren, ya zo ne daga Iran inda ya jagoranci ƙungiyar bale ta ƙasar kuma ya yi aikin tattara raye-rayen gargajiya na lardunanta. Shi ya sauya sunan zuwa Northern Ballet Theatre, ya ƙara yawan 'yan rawa zuwa kusan 30, ya shigo da cikakkun wasannin gargajiya da aka rage musu girma yadda ƙungiyar za ta iya ɗauka. Ya jawo Rudolf Nureyev, ɗan rawan da ya fi kowa suna a duniya a wancan zamani, yana fitowa a matsayin baƙo, kuma Gimbiya Margaret, ƙanwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta zama uwar ƙungiyar. Zauruka sun cika, suna ya yaɗu. Sai dai wannan nasara tana ɗauke da tarko, domin duk wanda ya gabatar da wasan da Royal Ballet take yi, da rabin mutanenta da ɗan abin da bai kai kasafinta ba, ya gayyaci a auna shi da ita, kuma a wannan ma'auni ba zai taɓa rinjaye ba. Lokacin da de Warren ya tafi gidan wasan La Scala na Milan a 1987, ƙungiyar ta girma amma ba ta da amsar tambayar da masu raba kuɗi za su yi mata ba da daɗewa ba: me kike yi wanda wani ba ya yi?

Amsar ta zo ta hanyar da ba wanda ya tsara. A 1987 ake bikin cika shekara 100 da haihuwar L. S. Lowry, mai zanen da ya shafe rayuwarsa yana zana masana'antu da hayaƙi da cincirindon leburori na Salford da Manchester. An nemi Gillian Lynne ta tsara wasa a kan rayuwarsa domin talabijin na BBC, da kiɗan Carl Davis, aka kira shi A Simple Man. Ita kuma ta nemi Christopher Gable ya fito a matsayin Lowry, Moira Shearer kuma a matsayin mahaifiyarsa. Gable ya yi shekara 20 rabonsa da rawa a dandamali. A farkon shekarun 1960 yana cikin fitattun samarin Royal Ballet, kuma a jikinsa da na Lynn Seymour ne Kenneth MacMillan ya tsara Romeo and Juliet a 1965, amma da daren buɗewa ya zo sai aka miƙa wa Nureyev da Margot Fonteyn saboda sunansu ya fi sayarwa. A 1967 Gable ya bar bale ya koma wasan kwaikwayo, ya yi aiki da Peter Brook a ƙungiyar Royal Shakespeare, ya fito a fina-finan Ken Russell, sa'annan a 1982 shi da Ann Stannard suka kafa makarantar Central School of Ballet a Landan. Mutum ne da ya san bale ciki da bai, ya kuma san abin da ɗan wasan kwaikwayo yake tambayar kansa kafin ya ɗaga hannu. 'Yan rawan Northern Ballet Theatre da suka yi aiki da shi a wasan Lowry sun gamsu da shi, kuma a shekarar aka naɗa shi daraktan fasaha.

Bai daɗe a kujerar ba sai guguwa ta taso. A 1989 wani rahoto da Graham Devlin ya rubuta wa Hukumar Raya Fasaha game da makomar rawa a ƙasar ya ba da shawarar a janye tallafin Northern Ballet Theatre. Adalci ne a faɗi cewa hujjar ba ta banza ba ce. Kuɗin rawa kaɗan ne, masu rawar zamani da na al'ummun da suka yi ƙaura zuwa Birtaniya suna kukan an bar su a baya, ƙungiyoyin Landan suna rangadi, kuma ana shirin mayar da ƙungiyar Sadler's Wells Royal Ballet zuwa Birmingham, abin da ya tabbata a 1990. Ga mai kallon taswira daga ofis a Landan, ƙaramar ƙungiyar Manchester maimaici ce kawai. Abin da lissafin bai kama ba shi ne yawan mutanen da suka riga suka ɗauki ƙungiyar a matsayin tasu. 'Yan kallo sun rubuta wasiƙu, jaridu sun ɗauki maganar, 'yan majalisa sun sa baki, Gable kuma ya yi amfani da duk ƙwarewarsa ta magana a gaban jama'a, har hukumar ta fasa janye tallafin. A ganina wannan ne lokacin da ƙungiyar ta zama ta yanki a zahiri, domin kafin nan adireshinta ne kawai yake Arewa.

A 1990 ta tsallaka tsaunukan Pennine zuwa Halifax a yankin Yorkshire, tsohon garin saƙar ulu wanda masaƙunsa suka mutu, inda ƙaramar hukumar yankin ta yi mata masauki. A nan Gable ya gina salon da ya zama tambarinta. Ya ɗauki kalmar ƙarshe ta sunan ƙungiyar, wato Theatre, wadda ke nufin wasan kwaikwayo, da muhimmanci ƙwarai. Ba ya yarda ɗan rawa ya yi tsalle don a ga ya iya tsalle. Sai ya san wane ne shi a labarin, daga ina ya fito, me yake nema a wurin wanda ke gabansa, ko da kuwa yana cikin taron 'yan kasuwa a can bayan dandamali. Ya tara abokan aiki da suka daɗe tare: Lez Brotherston a zanen dandamali da tufafi, Philip Feeney da Carl Davis a kiɗa, Massimo Moricone da Michael Pink a tsara rawa. A 1991 suka fitar da nasu Romeo and Juliet, wanda a cikinsa faɗan gidan su Romeo da gidan su Juliet yake da zafi kamar na gaske, kuma ba zai yiwu a manta cewa wannan shi ne labarin da aka ƙwace wa Gable shekara 26 kafin nan ba. A 1992 suka yi A Christmas Carol inda 'yan rawa suke buɗe baki su rera waƙa, abin da masu riƙon al'adar bale suke gani kamar saɓo. Dracula ya biyo a 1996, wasan da ƙungiyoyin Amurka suka riƙa saye suna gabatarwa, kuma ya jawo mutanen da ba su taɓa tunanin shiga gidan bale ba.

Masu sharhi na jaridun Landan da yawa ba su yaba ba. Ƙorafinsu shi ne labari ya yi yawa, rawa ta yi kaɗan, kuma ana zaɓen taken wasa ne saboda zai sayar. Akwai gaskiya a ciki: a wasu wasannin na wancan zamani tsarin takun bai kai ƙarfin kayan ado da kiɗan ba, kuma ƙwarewar ƙafa ba ita ce abin da aka fi sanin ƙungiyar da shi ba. Amma masu wannan suka suna kallon bale sau uku a mako da tikitin kyauta, alhali matar da ta biya kuɗin mutum huɗu a Hull ko Bradford sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma haƙƙinta ne ta fahimci abin da ke faruwa ba tare da ta karanta takardar bayani ba. Gable ya zaɓi ya yi mata aiki, kuma ina ganin ya yi daidai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙungiyar da ta karɓi harajin jama'a da sunan kai musu fasaha ba ta da hurumin raina abin da zai shigo da su zauren.

A 1996 ƙungiyar ta sake ƙaura zuwa Leeds, ta zauna a wani tsohon ginin makaranta a unguwar West Park wanda ba a gina shi domin rawa ba. Gable ya rasu da ciwon daji a watan Oktoba na 1998 yana da shekara 58. Stefano Giannetti ɗan Italiya ya gaje shi a 1999, bai kai shekara biyu ba ya tafi. Abin da ya riƙe ƙungiyar a wannan giɓi shi ne ɓangaren gudanarwa a ƙarƙashin Mark Skipper, wanda ya shigo tun 1987 a matsayin ma'aikacin bayan dandamali ya hau har ya zama shugaban gudanarwa, ya kuma riƙe muƙamin fiye da shekara 20.

A 2001 aka ɗauko David Nixon, shi ma ɗan Kanada kamar wanda ya kafa ƙungiyar. Ya yi rawa a ƙungiyar bale ta ƙasarsa da kuma a Berlin, sa'annan ya jagoranci BalletMet a garin Columbus na jihar Ohio, wato ya riga ya san rayuwar ƙungiyar lardi a Amurka inda kowace dala sai an nemo ta. Bai rushe abin da Gable ya gina ba. Ya riƙe ba da labari, ya kuma toshe ɓarakar da masu suka suke nunawa, ta hanyar ɗaga ƙwarewar rawar kanta. A nan matarsa Yoko Ichino, wadda ta yi suna a matsayin 'yar rawa a Amurka da Kanada, ta taka rawar da ba a cika ambata ba: ita ta ɗauki darasin safiya da horon jiki, kuma tsarinta na koyarwa shi ake bi a makarantar ƙungiyar da ke horar da yara da matasan yankin. Nixon ya tsara cikakkun wasanni fiye da goma a shekara 21 da ya yi. A 2002 ya yi Wuthering Heights, labarin Emily Brontë wanda ya faru a kan tuddan Yorkshire da ba su da nisa da Halifax, da sabon kiɗa na Claude-Michel Schönberg. Cleopatra ya fito a 2011, The Great Gatsby a 2013, kuma wannan na ƙarshe ya zama ɗaya daga cikin wasannin da ƙungiyar take komawa gare su duk lokacin da take buƙatar cika zaure.

Babban abin da aka cimma a zamaninsa shi ne gida. Bayan shekaru ana neman fili da kuɗi, a 2010 ƙungiyar ta tare a sabon gini a Quarry Hill da ke tsakiyar Leeds, kusa da babban gidan wasan kwaikwayo na birnin da kwalejin kiɗa da ofishin BBC. Ginin ya ci kimanin fam miliyan 12, daga ƙaramar hukumar Leeds da kuɗin cacar ƙasa da Hukumar Raya Fasaha take rabawa da gudunmawar jama'a. Yana da ɗakunan atisaye 7 da ƙaramin zaure mai kujeru 230, kuma ana raba shi da Phoenix Dance Theatre, ƙungiyar rawar zamani da wasu samari baƙaƙen fata uku 'yan Leeds suka kafa a 1981. Ga wanda bai san sana'ar ba, gini kamar ƙawa ne, amma daɓen da aka yi shi yana ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙafa shi ne bambancin ɗan rawan da zai kai shekara 38 yana aiki da wanda gwiwarsa za ta tafi yana da 28. A shekarar ne kuma aka yanke kalmar ƙarshe daga sunan, ya zama Northern Ballet. An yi haka ne domin mutane su daina ɗaukar ta a matsayin gidan wasa, sai dai ba za a rasa jin wani abu ba ganin kalmar da Gable ya ceci ƙungiyar da ita ce aka sauke.

Murnar ba ta daɗe ba. Gwamnatin haɗin gwiwa da ta hau mulki a 2010 ta shiga tsuke bakin aljihu, kuma a 2011 aka rage tallafin ƙungiyoyin fasaha da dama, har da Northern Ballet, ta yadda aka yi fargabar sai an sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan rawan. Ƙungiyar ta fito fili ta roƙi jama'a su ɗauki nauyin 'yan rawa ɗaya bayan ɗaya, kuma an samu abin da ya hana sallamar. Daga wannan matsi ne kuma wata dabara ta fito wadda ta fi yawancin manyan wasanninta isa ga mutane: gajerun wasannin yara na kimanin minti 40, a kan tatsuniyoyin da yaran Ingila suka sani, da 'yan rawa kaɗan da makaɗa kaɗan da tikiti mai araha. Na farkonsu ya fito a 2012, tashar yara ta BBC ta nuna shi, kuma saboda ƙanƙantarsu suna shiga garuruwan da babban wasa ba zai taɓa isa ba.

A shekarunsa na baya Nixon ya yi abin da ba kowane mai tsara rawa yake iya yi ba, ya buɗe ƙofa ga wasu. Jonathan Watkins ɗan garin Barnsley ya yi wasa mai suna 1984 a shekarar 2015, Kenneth Tindall wanda ya taso daga cikin 'yan rawan ƙungiyar ya yi Casanova a 2017, Cathy Marston kuma ta yi Jane Eyre a 2016 da Victoria a 2019. Labarin Jane Eyre shi ne ya fi nuna nisan da aka yi: an ƙirƙire shi ne domin matsakaitan zauruka, aka buɗe shi a Doncaster, amma a 2019 American Ballet Theatre ta ɗauke shi ta gabatar a babban gidan wasan Metropolitan na New York. Ƙungiyar da shekara 30 kafin nan aka ce kwaikwayon Landan take yi, ita ce yanzu manyan duniya suke aro a wurinta. A tsakanin nan, ranar 26 ga Disamba, 2015, Kogin Aire ya yi ambaliya a Leeds, ruwa ya shiga ma'ajiyar ƙungiyar ya lalata kayan dandamali da tufafi, ciki har da na Romeo and Juliet na Gable, wanda daga nan ya fita daga jerin wasanninta na tsawon shekaru.

A watan Janairu na 2020 aka yi bikin cika shekara 50. A watan Maris aka buɗe sabon wasan Tindall mai suna Geisha a Leeds, kwana biyu bayan haka annobar korona ta rufe gidajen wasa a faɗin ƙasar, rangadin da aka kashe wa kuɗi ya tsaya cak. Nixon ya sauka a 2022, aka naɗa Federico Bonelli ɗan Italiya, wanda ya yi kusan shekara 20 yana cikin manyan 'yan rawan Royal Ballet. Ya karɓi ƙungiya mai suna da gida da ƙwararrun 'yan rawa, amma lissafinta ya daina daidaita.

Dalilin yana cikin yadda rangadi yake aiki. Ƙungiyar da ke zaune a gidan wasanta tana kafa dandamali sau ɗaya ta yi makonni tana sayar da tikiti. Mai rangadi kuwa kowane mako sai ta kwance komai a daren Asabar, ta loda a manyan motoci, ta sauke a Norwich ko Newcastle ko Edinburgh ko Southampton, ta sake kafawa, ta biya kuɗin masauki da abinci na 'yan rawa da makaɗa da ma'aikata, sa'annan ta raba kuɗin tikiti da mai gidan wasan. Bayan annobar, kuɗin man fetur da wutar lantarki da katako da otal duk sun tashi, hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 11 cikin 100 a ƙarshen 2022, tallafin hukuma bai bi ta ba, kuma ba za a iya ɗora bambancin a kan tikiti ba tare da an kori ainihin mutanen da aka kafa ƙungiyar dominsu ba. A kaka ta 2023 shugabannin suka sanar cewa ba za su iya ci gaba da ɗaukar rukunin makaɗansu, Northern Ballet Sinfonia, zuwa kowane gari ba, kuma daga 2024 wasu wasannin rangadi za su koma amfani da kiɗan da aka naɗa.

Gaba kura ce baya sayaki, kuma ban ga amfanin a mayar da shugabannin azzalumai ba, domin zaɓin da ke gabansu shi ne a rage makaɗa, ko a rage 'yan rawa, ko a rage garuruwa. Duk da haka ina ganin asarar ta fi yadda takardar kasafi take nunawa. Madugun makaɗa a wasan bale idonsa yana kan dandamali: idan 'yar rawa ta samu daidaito a kan yatsunta ta tsaya daƙiƙa ɗaya fiye da jiya, yakan riƙe mata kiɗan, idan ɗan rawa ya gaji a wasa na bakwai na mako, yakan sassauta masa. Na'ura ba ta jiran kowa, ɗan rawa ne zai bi ta. Makaɗan kansu yawancinsu ba ma'aikatan dindindin ba ne, ana biyansu ne gwargwadon makonnin da suka yi aiki, wasunsu sun yi shekaru 20 ko 30 tare da ƙungiyar, don haka rage makonni daidai yake da rage musu abinci. Abin da ya fi damuna shi ne wanda hukuncin ya faɗa wa a cikin 'yan kallo. Mai zuwa Royal Opera House, gidan wasan Royal Ballet a Landan, da wuya ya ji bale da kiɗan na'ura; wanda zai ji shi ne mutumin garin lardi, wato daidai wanda takardar Jennie Lee ta 1965 ta ce kada a ba shi ragowa. Saboda haka tambayar ta wuce ofishin ƙungiyar a Quarry Hill, ta koma kan hukumar da ke buƙatar a yi rangadi ba ta kuma biyan abin da rangadin yake ci.

Ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan Birtaniya ta ƙaddamar da gangami, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, kusan kamar yadda aka yi a 1989, sai dai a wannan karon masu kukan da waɗanda ake kuka da su duk 'yan gida ɗaya ne. A cikin wannan yanayi ne aka kammala gyaran kayan Romeo and Juliet da ambaliya ta lalata, maɗinka da masu fenti suka sake raya zanen Brotherston ɗaya bayan ɗaya, aka buɗe wasan a Grand Theatre na Leeds a watan Maris na 2024, shekara 33 bayan fitowarsa ta farko. A lokacin rangadin, makaɗan sukan tsaya a ƙofar gidajen wasa suna raba wa 'yan kallo takardun neman goyon baya, sa'annan su shiga su zauna a raminsu da ke gaban dandamali su kaɗa kiɗan wasan, wanda Prokofiev ɗan Rasha ya tsara.